Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Kamfanonin Gine-gine Da Hukumomin Kula Da Lafiyar Ma'aikata, Kan Na'urorin Da Ake Ɗaura Mana A Jiki

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ku lafiya, ku da iyalanku da duk masu neman halaliyarsu a ƙarƙashinku.

Ni foman gini ne. Da kwanon sarki na fara, ina hawa da kankare ina saukowa, daga baya wani maigidana ya koya mini lanƙwasa rodi, har aka wayi gari ni ke rarraba wa mutane aiki da safe in kuma ƙirga su da yamma. Ƙirgar yamman nan ita ce mafi nauyi a wuyana, domin adadin da ya shigo ƙofa da ƙafarsa shi nake so ya fita da ƙafarsa. Ina magana ne da yawun leburori da birkiloli da kafintoci, da masu walda da masu ɗaurin rodi da masu jan wayar lantarki, da direbobin tifa da katafila. Mun zauna lokacin hutu, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, suka ce in rubuta.

Abin da ya jawo wasiƙar sanarwa ce da aka liƙa a ƙofar wurin aikinmu. An ce daga farkon wata mai zuwa babu mai shiga sai da wata 'yar na'ura maƙale a ƙugu da wata a hular kwano, wasu kuma har da ta ɗaurawa a damtse. An ce wanda ya ɓatar ko ya lalata, za a cire a kuɗinsa. Sanarwar ba ta faɗi abin da na'urar ke aunawa ba, ba ta faɗi wanda zai riƙa duba bayanan ba, kuma ba a tambayi ko mutum ɗaya daga cikinmu ba. A ranar da aka liƙa ta, bakin hawa na huɗu na ginin a buɗe yake, babu shinge. Da na tuntuɓi abokan sana'a a wasu kamfanoni, sai na tarar labarin iri biyu ne: ko dai an sauko musu da na'urorin daga sama kamar yadda aka yi mana, ko kuma babu su sam, a wuraren da ake shiga ramuka da tankuna ba tare da ko ma'aunin iska ba. Shi ya sa na haɗa ku duka a takarda ɗaya.

Kada a ɗauka mun ƙi na'urorin ne. Muna son su, kuma mun fi kowa sanin dalili. Tun a 2005 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum 60,000 ke mutuwa duk shekara a wuraren gini, wato kusan mutum ɗaya duk minti goma. A Amurka, inda ake rubuta kowace mutuwa, kusan ɗaya cikin biyar na masu mutuwa a bakin aiki magina ne, kuma hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ƙasar, OSHA, ta daɗe da gano abubuwa huɗu da suka fi kashe mu: faɗowa daga sama, bugun mota ko faɗowar kaya a kan mutum, jan wutar lantarki, da matsewa tsakanin abubuwa biyu ko ruftawar rami. Faɗowa kaɗai ta ɗauke sama da kashi ɗaya cikin uku. Duk wanda ya yi shekara biyar a gini ba sai an karanta masa wannan jeri ba, yana da fuskar da zai ɗora wa kowane ɗaya.

Na nemi wani injiniya ya bayyana mini yadda suke aiki, kuma abin ya burge ni. A cikin ta ƙugun akwai ma'aunin motsi irin na wayar hannu, wanda ke juya hoto idan ka karkata ta, tare da wani da ke gane canjin tsawo ta nauyin iska. Idan mutum ya faɗo, sai ta ga saukowa cikin gaggawa, sai bugu, sai shiru babu motsi, nan take ta aika wa mai lura saƙo da wurin da mutumin yake. Ta hular kwano tana magana da 'yar'uwarta da ke jikin katafila ta siginar rediyo. Da zarar tazara ta ragu, ta mutum ta yi karkarwa, ta direba ta yi ƙara, ko da mutumin yana inda madubi ba ya nunawa. Ta damtse kuma tana bin bugun zuciya da zafin fata don ta hango galabaita tun kafin jiri ya kama mutum.

Shekarun baya, a wani gini da nake lura da shi, wani yaro lebura ya faɗa ramin da aka bari domin lif, dab da lokacin tashi. Janareta na ruri, injin kwaɓa kankare na ruri, babu wanda ya ji ihunsa. Sai da na zo ƙirga na ga mutum ɗaya bai cika ba. Muka bi hawa-hawa da fitilar waya muna kiran sunansa. Ya fi awa guda a kwance kafin mu same shi. Ya rayu, amma bai sake hawa tsani ba, kuma likitan da ya duba shi ya gaya mana da an kawo shi da wuri da abin bai kai haka ba. Da yana da na'urar nan a ƙugunsa, da cikin minti ɗaya na san inda yake. Har yau abin yana ci mini rai. To amma, ranku ya daɗe, abin da ya jefa yaron nan rami ne da aka rufe da guntun falanki ba tare da ƙusa ba. Na'ura za ta gaya mini ya faɗi. Murfi mai ƙarfi da shinge su ne za su hana shi faɗawa.

Wannan shi ne kukanmu na farko, kuma duk sauran a kansa suka hau. Masana kiyaye haɗari suna da tsari mai hawa biyar da kowane jami'in lafiyar aiki ya karanta: a kawar da haɗarin gaba ɗaya, in bai yiwu ba a musanya shi da abin da ya fi sauƙi, in bai yiwu ba a gina abin da zai raba mutum da shi, sannan a gyara tsarin aiki, sai a ƙarshe a ba mutum kayan kariya na jiki. Na'urar ɗaurawa tana can ƙasan jerin, domin gargaɗi kawai take yi, kuma gargaɗi yana buƙatar mutumin da zai ji, ya fahimta, ya kuma samu sararin kaucewa. A dokar Amurka, duk wurin da magini zai iya faɗowa ƙafa 6, kusan mita 1.8, dole a kare shi, ramin da ya kai zurfin mita 1.5 kuwa dole a tokare gefensa ko a zaftare shi ya kwanta. Dalili a fili yake: ƙasa mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya ta haura tan guda a nauyi, idan ta rufto wa mutum a ƙirji babu ƙarar da za ta ɗaga ta. Tsoronmu shi ne a sayi na'ura a ɗauki hotonmu da ita a sa a takardar neman kwangila, a bar shingen da ba ya fitowa da kyau a hoto. Ranar da wani ya faɗo kuma a ce ai na'urarsa ta yi ƙara, shi ne bai kula ba. Ta haka laifi zai tashi daga kan wanda bai sa shinge ba ya koma kan mamaci.

Kuka na biyu shi ne wanda ya fi tayar wa mutanena hankali, kuma na gani da idona a wani aiki da aka gwada irin waɗannan na'urori shekara biyu da suka wuce. An ce mana don lafiyarmu ne. Wata guda bai cika ba sai ga takarda daga ofis, ɗauke da sunan kowa da mintocin da ya yi bai motsa ba. Wani dattijo mai ɗaurin rodi, wanda ya girme ni a sana'ar, jiri ya kama shi da tsakar rana ya zauna a inuwa kamar yadda mu da kanmu muke koya wa mutane su yi. Aka cire masa rabin yini. Babu wanda ya tambaye shi me ya zaunar da shi, lamba ce ta nuna ya tsaya, aka bi lamba.

Ku ji abin da ya biyo baya. Cikin kwana uku kowa ya gane cewa na'urar ta zama ɗan leƙen asirin ofis. Masu jin jiri suka daina zama. Wasu suka rage shan ruwa don kada a ƙirga musu zuwa bayan gida, a cikin zafin da ruwa shi ne ran mutum. Wasu suka riƙa ba aboki tasu ya riƙe yana yawo da ita yayin da suke hutawa, wanda ke nufin idan ɗayansu ya faɗi, za a nufi inda ba ya nan. Na'urar da aka saya don ta ceci rai ta koma tana tura mutane ga haɗari, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kuma aikin gini ba a auna shi da yawan motsi. Mai walda da ke haɗa ƙarfe a tsugune bai fi ya gusa taku biyu a awa ba, mai ba direban ƙugiya hannu a tsaye yake wuri ɗaya, kuma tsayuwar tasa ce ke hana tan biyu na bulo sauka a kan mutane.

Akwai abin da ya fi yanke kuɗin yini muni. Bugun zuciyar mutum sirrinsa ne, irin wanda likita kaɗai ke gani. Idan bayanan nan suka shiga hannun mai ɗaukar ma'aikata, za a wayi gari an daina kiran duk wanda zuciyarsa ke saurin bugawa, ko wanda ya haura shekara 50, ba tare da an taɓa gaya masa dalili ba. Yawancinmu 'yan aikin yini ne. Ba a korarmu da takarda, kawai gobe ba a kira ka. Wanda aka yi wa haka ba shi da inda zai kai ƙara, don bai ma san an yi masa ba. Sannan kamfanin da ya ƙera na'urar, wanda bayanan ke tafiya rumbunsa ta intanet, wa ya san abin da yake yi da su, da shekarun da zai ajiye su, da wanda zai sayar wa? Duniya ba ta rasa abin koyi a nan ba. Tun 1997 ILO ta fitar da ƙa'idojin kare bayanan ma'aikaci, waɗanda suka ce a yi amfani da bayani don abin da aka karɓe shi kawai, kuma ma'aikaci ya san ana sa masa ido. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a watan Mayun 2018 ta sa bayanan lafiya a aji na musamman da ba a taɓawa sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Babu wani abu a jikin magini na wata nahiya da ya sa sirrinsa ya fi na Bature araha.

Na uku, ƙarar banza. A wancan aikin an saita na'urar kusantar mota da faɗi sosai, har mutum yana hawa na biyu tifa na wucewa a ƙasa sai hularsa ta kama karkarwa. Wanda ya diro daga bayan mota, ko ya jefar da ɗamararsa a kan buhun siminti, sai a ce ya faɗo. Abu ya yi ta kuka sau talatin a yini, babu ko ɗaya na gaskiya. Kunne ya saba, direbobi suka liƙe bakin lasifikar da salatif. Ranar da kukan zai zama na gaskiya, babu mai waiwayawa. Mu muka san inda mota ke bi da inda mutum ke tsayawa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma da an zauna da mu yini ɗaya da an saita tazarar daidai. Haka nan siginar GPS, wadda ke nuna inda mutum yake, ba ta ratsa kankare da kyau, sai an kafa ƙananan tashoshi a kowane hawa, kuma gini kullum canzawa yake, bangon da babu shi jiya yau ya tare sigina. Dole a samu wanda aikinsa ne ya bi yana gwadawa, ya kuma tabbatar an yi cajin batir kowane dare.

Ko da ƙarar ta gaskiya ce, ina take zuwa? Na ga inda saƙon ke shiga wayar manajan da ke taro a wani gari. Mutumin da ya faɗo igiyar tsaro ta riƙe shi yana lilo bai tsira ba tukuna, domin ɗamarar tana matse jijiyoyin cinya, jini ya taru a ƙafafu, kuma OSHA ta yi gargaɗin cewa hakan kan iya kai mutum ga suma har da mutuwa cikin ƙasa da minti 30. Idan babu wanda aka horar ya sauko da shi, babu tsani ko igiyar ceto a kusa, babu motar da za ta kai shi asibiti, to abin da na'urar ta yi kawai shi ne rubuta lokacin da abin ya faru.

Zafi kuma sai na ɗan tsaya a kansa, don shi ne haɗarin da ke ƙaruwa a gabanmu shekara bayan shekara. Rahoton ILO na 2024 ya ce ma'aikata biliyan 2.41 ne ke aiki cikin matsanancin zafi, kuma kusan 19,000 ke mutuwa duk shekara ta dalilinsa. Ƙa'idar masana ita ce kada zafin cikin jikin ma'aikaci ya wuce digiri 38, idan ya haura 40 kuwa ƙwaƙwalwa kan rikice, ƙoda kan lalace. Sabon zuwa ya fi kowa shiga haɗari, domin jiki na buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba, kuma yawancin masu mutuwar zafi a kwanakinsu na farko suke mutuwa. A nan na'urar damtse za ta yi amfani ƙwarai. Sai dai ba ta auna zafin ciki kai tsaye, ƙiyasi take yi daga bugun zuciya da zafin fata, kuma da haske take karanta bugun, wanda gumi da ƙura da girgizar injin kan rikita. Akwai kuma batun launin fata. A Disambar 2020 masu bincike na Jami'ar Michigan suka nuna cewa na'urar asibiti da ake maƙalawa a yatsa, wadda ita ma da haske take aiki, ta fi kasa gano ƙarancin iskar numfashi a jinin baƙaƙen fata kusan ninki uku idan aka kwatanta da farare. Don haka muna da haƙƙin tambaya: a jikin su wa aka gwada abin da za ku ɗaura mana, kuma a cikin wane irin zafi? Sannan idan ta ce mutum ya huta, akwai inuwa? Akwai ruwa mai sanyi kusa? Za a biya shi lokacin? Ƙasar Qatar, bayan dogon suka kan mutuwar ma'aikatan gini, ta kafa doka a 2021 da ta hana aiki a rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, ta kuma ce a tsayar da aiki duk lokacin da ma'aunin da ke haɗa zafi da laima da hasken rana ya wuce digiri 32.1. Wannan dokar ta shafi kowa a lokaci ɗaya, ba ta jira zuciyar mutum ɗaya ta fara gazawa ba.

Inda muka fi buƙatar na'ura kuwa, a nan aka fi yin sakaci. Iskar da muke shaƙa tana da kashi 20.9 cikin ɗari na iskar rai, wato oksijin, idan ta sauka ƙasa da 19.5 an shiga haɗari, kuma hanci ba ya ganewa. Hayaƙin janareta yana ɗauke da guba marar wari. Iskar da ke taruwa a sokawe da magudanar ƙasa tana warin ruɓaɓɓen ƙwai idan kaɗan ce, idan ta yi yawa sai ta kashe jin warin gaba ɗaya, mutum ya ɗauka ta tafi. Shi ya sa ake rasa mutum biyu ko uku a rami ɗaya, na farko ya faɗi, na biyu ya shiga ceto. Ɗan ma'aunin iska da ake maƙalawa a ƙirji ya daɗe a kasuwa, ba sabon abu ba ne, amma sau nawa ake ba lebura shi kafin a ce ya sauka? Inda ma akwai shi, sai an gwada shi da iskar gwaji kafin a fara aiki, in ba haka ba shirunsa ba shaida ba ce.

Akwai kuma cututtukan da ba sa zubar da jini a gaban kowa. A ƙiyasin ILO na 2023, cikin kusan mutum miliyan 3 da aiki ke kashewa a shekara, miliyan 2.6 cuta ce ke kashe su, haɗari 330,000. Ƙurar yankan kankare da dutse tana taruwa a huhu ta daskarar da shi, kuma babu magani. Ƙara mai ƙarfin desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti awa 8 ce iyakarta a yini, idan ta kai 100, kamar ta injin fasa kankare, minti 15 ne. Girgizar irin wannan injin tana kashe jijiyoyin yatsu, har Birtaniya ta kafa mata iyaka a dokar 2005. Yanzu akwai na'urorin da ke ƙirga ƙara da ƙura da girgizar da mutum ya sha a yini. Irin wannan ƙirgar muke maraba da ita, da sharaɗin a ba mutum nasa lissafin a hannunsa. Magini yakan yi wa kamfani goma aiki a shekara biyar, ranar da kunnensa ya toshe kowanne zai ce ba a wurinsa ba ne.

Batun cire kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Yarjejeniyar ILO mai lamba 167 ta 1988, wadda aka yi musamman don aikin gini, ta ce mai aiki ne zai samar da kayan kariya ya kuma kula da su ba tare da ma'aikaci ya biya komai ba. Ita ce kuma ta ba ma'aikaci ikon janye jikinsa daga wurin da yake da dalilin ganin akwai haɗari babba a kusa. Na'urar da ke aiki cikin siminti da ruwa da bugun ƙarfe dole wata rana ta fashe. Idan fashewarta za ta cinye wa lebura kuɗin mako, zai ɓoye ta a jaka don ya tsare ta. Kuma na lura a wurare da dama ma'aikatan kamfani na dindindin ake ba, a bar yaran ƙananan 'yan kwangila, alhali su ne ke cikin rami, su ne a bakin rufi, su ne sababbin zuwa.

Ranku ya daɗe masu kamfanoni, ga abin da muke roƙo. Kafin a raba na'ura ko ɗaya, a zagaya da mu a rufe ramuka, a sa shinge a kowane baki, a tokare gefen haƙa, a raba hanyar mota da ta masu tafiya a ƙasa. A rubuta a takarda, da harshen da ma'aikata ke ji, abin da kowace na'ura ke aunawa, da wanda ke gani, da ranar da za a goge, a kuma karanta wa wanda ba ya karatu. A sa hannu cewa ba za a yi amfani da bayanan wajen yanke kuɗi, ko ladabtarwa, ko zaɓen wanda za a kira gobe ba. Bayanan zuciya da zafin jiki su tsaya tsakanin mutum da ma'aikacin lafiya, abin da zai kai ga foman irina kada ya wuce cewa wane yana buƙatar hutu yanzu. Na'urar ta mutu idan an tashi aiki, kada ta bi mutum gida. A gwada ta wata guda da wakilanmu kafin a tilasta, a gyara saitinta da shawararmu. A sa mutum a cikin wurin aikin, mai horon ceto da taimakon farko, wanda saƙon zai shiga hannunsa kuma yake da ikon tsayar da aiki ba sai ya nemi izini ba. Hutun da na'ura ta umarta a biya shi. Kuma duk wanda ya taka ƙofar, ko na yini ɗaya ne, a ba shi na'urar kyauta.

Ku kuma hukumomi, a watan Yunin 2022 ƙasashen duniya suka amince a taron ILO cewa wurin aiki mai aminci haƙƙi ne na asali, daidai da hana bautar da mutane da hana aikin ƙananan yara. A ranar 28 ga Afrilun 2025, ranar lafiyar ma'aikata ta duniya, batun waɗannan fasahohin ne ma aka sa a gaba. Muna roƙon ku fitar da ƙa'ida tun kafin abin ya bazu ya fi ƙarfinku. Ku hana a ɗauki na'ura a madadin shinge ko igiyar tsaro. Ku tilasta ma'aunin iska ga duk mai shiga rami ko tanki. Ku nemi masu sayar da na'urorin su kawo shaidar gwaji a kan mutane masu launin fata daban-daban, a cikin zafi da ƙura na gaske. Idan haɗari ya faru, ku karɓi bayanan na'urar da kanku kafin a taɓa su, ku ba iyalan wanda abin ya shafa kwafi. Ku buɗe hanyar da ma'aikaci zai kai ƙara idan aka hukunta shi da bayanan jikinsa, ba tare da sunansa ya koma kunnen maigidansa ba. Jami'anku kuma idan sun zo duba aiki, kada su tsaya a ofis suna kallon allon kwamfuta mai nuna kowa lafiya lau. Su sa hular kwano su hau sama tare da mu.

Ga kamfanin da nake yi wa aiki a yanzu, wanda ban ambaci sunansa ba don ba tozarci na nufa ba: saura kwanaki wata ya ƙare. Muna roƙon a ɗage ranar, a cire layin nan na cire kuɗi daga sanarwar, a turo wanda zai zauna da mu ya amsa tambayoyinmu. Kafintocina sun auna bakin hawa na huɗu, sun rubuta adadin ƙarfe da katakon da shingen zai ci, takardar tana ofis tun makon jiya. Idan aka kawo kayan, yini biyu ya ishe mu.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya kiyaye mu da ku.

Naku cikin girmamawa,
Wani foman gini, a madadin abokan aikinsa.